A Riƙe Igiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara saka jirgina a ruwa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa dangin matata ba za su bari ba. Har yau in ana biki ko suna a gidansu sai wani ya tono zancen, a yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma kullum rabin labarin ake bayarwa, rabin da ni ne mai laifi. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da nawa tun daga tushe, don ni ma ina da bakin magana.

Ni Bakatsine ne. Ruwan da na sani ina yaro bai wuce na rijiya da na kududdufin bayan unguwa ba. In ka tambaye ni me ya haɗa ni da jirgin ruwa, sai in ce maka jirgin ƙasa ne. A Woodbridge muke zaune, ina aikin injiniya a cikin Washington, kuma tun da cunkoson babban titin 95 ya kusa sa mini hawan jini na koma bin jirgin ƙasa. Kowace safiya in muka hau gadar da ke kan kogin Occoquan sai in leƙa ta taga in hango mutane a ƙananan jirage, sun jefa fatsa, sun ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya suna shan kofi, ni kuwa ina matse tsakanin jakar wani da gwiwar wani. Abin ya riƙa ci mini rai. Na ce wai su waɗannan da me suka fi ni?

Abin da ya fi ƙona mini rai a yadda ake ba da labarin nan shi ne a nuna kamar na tashi ne kawai da safe na je na kinkimo jirgi. Wallahi ƙarya ake mini. Sai da na kwashe lokacin sanyi gaba ɗaya ina bincike, ko lokacin da nake neman aure ban yi irinsa ba. Na shiga ajin koyon dokokin ruwa, na ci jarrabawa. Na san inda nake son zuwa: kogin Potomac, wurin da ya buɗe ya yi faɗi, sannan in hannuna ya faɗa in gangara bakin Chesapeake, inda ruwan ya fara gishiri. Wannan kuwa ba ruwan tafki ba ne. Iska na iya tashi da rana tsaka, igiyar ruwa ta fara marin jirgi. Saboda haka jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, duk da sauƙinsa, na cire shi daga raina, don a irin wannan ruwa sai ya girgiza maka haƙora. Na nemi mai ƙirji kamar na kaza, wanda ke yanka ruwa yana wucewa.

Sai maganar jikin jirgin. Na alminiyon ba shi da nauyi, ko ka buga shi da dutse lotsawa kawai zai yi. Na faiba, wata irin roba mai tauri, ya fi zama daram a kan ruwa, ya fi kyau a ido, amma nauyi gare shi, kuma duk nauyin da ka ƙara a jirgi motarka ce za ta ji a jikinta. Na yi ta kai da komo har Hauwa, matata, ta hana a ambaci kalmar faiba a kan teburin cin abinci. A ƙarshe na tsaya kan na alminiyon mai tsawon ƙafa goma sha bakwai, na hannu, a wurin wani dattijon Bature can gefen Maryland da gwiwa ta hana shi fita ruwa.

Inji ma sai da aka yi rigima. Ina da aboki a Fort Washington, Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi, mai sayar da motoci. Shi a wurinsa komai in ba babba ba ne ɓata lokaci ne.

“Masa, ka sa mai ƙarfin doki ɗari da hamsin,” in ji shi, don shi kowa Masa yake ce masa, wato maigida. “In ka taka, mutane su san ka iso.”

Na ce masa a jikin kowane jirgi akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka, in ka wuce shi gindin jirgin zai nutse, hancin ya kalli sama. Ya ce wannan tsoron Turawa ne. Ban saurare shi ba. Na ɗauki mai doki sittin, irin wanda ake ratayawa a baya, kuma ba irin na ƙaramin janareto da sai ka haɗa masa fetur da baƙin mai ba. Shiru gare shi, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai. Har yadda ake wanke masa ciki da ruwan famfo bayan an fito daga ruwan gishiri sai da na koya. (Ina faɗin duk wannan ne don a san irin mutumin da aka mayar abin dariya.)

Saura ja. A nan ne yawancin mutane ke yin wauta, su duba nauyin jirgi kaɗai su ce motarsu za ta iya. Ina injin? Ina ’yar tirelar da jirgin ke kwance a kai? Ina fetur, ina batir, ina kula cike da ƙanƙara? Da na haɗa duka na buɗe littafin ƙaramar motata, sai na ga in na ɗaura mata wannan kaya, a gangare ita ce za ta bi jirgin cikin ruwa. Na ba Alhaji Mumuni ita, ya samo mini tsohuwar a-kori-kura mai ƙugiyar ja a baya. Daga nan duk safiyar Lahadi sai in tafi filin ajiye motoci na wani babban kanti kafin a buɗe, in jera bokitai, in yi ta koyon ja da baya. Wanda bai taɓa ja da baya da tirela ba bai san taurin kai ba. Ka juya dama ta yi hagu, ka juya hagu ta naɗe, kamar akuyar da ta gane kasuwa za a kai ta. Na fasa bokitan Hauwa ba adadi kafin hannuna ya faɗa.

Hauwa dai tun farko ba ta so ba. Amma ba ta yi faɗa ba. Ranar da na shigo da jirgin ƙofar gida ta fito ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa jikinsa da ɗan yatsa.

“Abban Safiya, wannan gwangwanin za ka shiga teku da shi?”

“Ba teku ba ne, kogi ne. Kuma ki tuna farfesun tarwaɗa. Kogin nan cike yake da ita.”

“Akwai tarwaɗa a kantin ’yan Koriya, kuma ba wanda ya taɓa nutsewa a can.” Ta goge hannunta da gefen mayafi. “Ga yadda za a yi. Baba na zuwa ganin likita in sanyi ya wuce. Kada ka sa shi a ruwa sai ya zo. In ya gani ya sa albarka, na yi shiru har abada. In ya ce a’a, ka rabu da shi.”

Na amince, don na yarda da kaina. Ina da tabbacin duk wanda ya ga irin shirin da na yi sai ya sara mini.

To, Baba, mahaifin Hauwa, tsohon darakta ne a wata ma’aikata a gida. Mutum ne mai kirki, ban taɓa jin ya zagi kowa ba, amma ya shekara aru-aru in ya yi tari sai masinja ya leƙo. Ni kuwa tarbiyyar da aka yi mini game da suruki mai tsauri ce. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In yana falo ni ina ƙasa kan kafet, idona a kan yatsun ƙafata, a cikin gidan da ni nake biya. Ba na jin nauyin hakan, haka na ga ubana na yi wa nasa surukin, kuma ina alfahari da shi. Shi ma yana yaba mini. Hauwa ta sha gaya mini yana cewa, “Injiniya yaro ne mai kunya, Amurka ba ta ɓata shi ba.”

Da ya ga jirgin bai ce komai ba sai “Ikon Allah.” Na durƙusa na yi masa bayanin ƙirjin kaza da doki sittin, yana gyaɗa kai. Ya ce zai so ya ga yadda yake tafiya. Aka sa ranar Asabar.

Matsala ta farko tufafi. Mai zuwa kamun kifi gajeren wando yake sawa da singileti. Ni in tsaya gaban Baba da gwiwoyina a waje? Allah ya sawwaƙe. Na ɗauko kaftanin shadda ruwan sararin samaniya, wanda ya sha sitaci har yana tsayawa da kansa, na kafa hula. Hauwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ɗaurin aure za mu ko kogi?” Ban kula ta ba.

Wurin da ake sauke jirage gangaren siminti ne da ya shiga cikin ruwa, a gefensa kuma wata siririyar gadar katako ta miƙa, inda ake tsayawa a riƙe jirgi. Ranar Asabar ce, rana ta fito bayan dogon sanyi, duk mai jirgi a jihar Virginia ya fito. Motoci sun yi layi, kowa na leƙowa ta taga yana auna na gabansa. A wurin nan ba a son mai nawa. Ka sauke, ka ja motarka, ka ba na baya wuri.

Ni kuwa na shirya. Tun a layi na kwance ɗamarun baya, na toshe ramin fitar ruwa (na san labarin masu mantawa da shi, ban shiga sahunsu ba), na ɗaura doguwar igiya a hancin jirgin. Aikin mai sauƙi ne. Ni zan ja da baya har jirgin ya taso kan ruwa ya zame daga tirela, wani kuma yana tsaye kan gadar katako riƙe da bakin igiyar, kada jirgin ya tafi yawonsa. Wannan wanin Hauwa ce. Mun ma gwada a gida.

Na miƙa mata igiyar. Sai Baba ya miƙo hannu.

“Kawo nan, Hauwa’u. Wannan ba aikin mata ba ne.”

Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Me zan ce? Ta ba shi, ta ce bari ta je ta biya kuɗin ajiye mota a ’yar na’urar da ke can bakin ƙofa, ta tafi. Baba ya taka gadar katako da babbar rigarsa fara fat, igiya a hannu, kamar zai buɗe sabon asibiti.

Na shiga mota. Jama’a, ku zo ku ga ja da baya! Sau ɗaya, ba gyara, tirela ta bi tsakiyar gangaren nan kamar an ja mata layi. Wani jibgegen Bature mai jan gemu da ke bayana a layi har ya ɗaga mini babban yatsa. Na tsaya na cire ƙugiyar da ke riƙe da hancin jirgin, na koma na ƙara ja kaɗan. Na ji motar ta yi sauƙi. A madubi na ga jirgina ya zame a hankali ya kwanta kan ruwa, yana sheƙi. Wallahi sai da ƙwalla ta taru mini. Sannan na karkata ido zuwa ɗaya madubin don in ga fuskar Baba.

Hannuwansa biyu suna sama, riƙe da waya. Bidiyo yake ɗauka zai tura gida. Igiyar kuwa ya ajiye ta a kan katako kusa da takalminsa, a naɗe tsaf, kamar yadda ake ajiye fayil ɗin da aka gama dubawa. Kuma tana warwarewa.

Na ja birkin hannu na diro. A nan ne nake son mai karatu ya yi mini adalci. Ina ƙasa a kan gangare, shi yana sama a kan gada. Kafin in zagaya in hau, igiyar ta ƙare. Ko na hau ma, gadar siririya ce, sai na bangaje shi ko na tsallake ƙafarsa kafin in kai ga igiyar. Abu ɗaya ya rage, in gaya masa ya ɗauka. Kalma biyu ce: riƙe igiyar. Ɗan shekara uku zai iya faɗa. Amma ta yaya zan dubi uban matata in ba shi umarni tsirara haka? Bakina ya ƙi. Jikina ma da kansa ya yi abin da ya saba, sai ga ni a durƙushe kan jiƙaƙƙen siminti.

“Baba, Allah ya ƙara lafiya.”

“Amin, Injiniya. Kai, abin ya yi kyau.” Bai sauke wayar ba.

“Na ce, Baba, in ba damuwa, da an ɗan riƙe igiyar.”

“Na’am?”

“Igiyar, Baba. Ko za a taimaka a riƙe ta.”

Ku da kuke jin Hausa kun san abin da na yi. Ba a ce wa babba “ka yi”, sai “a yi”. Ladabi ke nan, ka ɓoye mutum a cikin wannan ’yar “a” don kada umarni ya taɓa shi. Abin da ban lissafa ba shi ne Baba ya yi rayuwarsa duka a ɗaya gefen wannan “a” ɗin. Shi ke cewa a kawo, a kai, a duba, wasu su ruga. Tun da yake ba a taɓa cewa “a yi” ya zamana shi ake nufi ba.

Ya sauke wayar, ya dubi igiyar da ke zarewa, ya gyaɗa kai da nuna cikakken goyon baya.

“Ƙwarai kuwa. Shawara ce mai kyau.” Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗaga murya. “A riƙe igiya mana! Ina mutanen wurin nan? A riƙe igiya!”

Ya mayar da hannuwansa baya ya haɗa su, yana jiran a zo.

Bakin igiyar ya ja jiki a kan katako, ya leƙa, ya faɗa ruwa, tsulum. Ruwan kogin nan yana janyewa yana dawowa kamar na teku, kuma a lokacin janyewa yake, ga ’yar iska tana taya shi. Jirgina, da doki sittin ɗinsa da kular ƙanƙara da rigunan kariya da na jera a ciki, ya juya hanci ya kama hanyar Maryland ba kowa a ciki.

Bature mai jan gemu ya danna ham. Wani ya yi ihu da Turanci wai jirginka na tafiya, kamar ni makaho ne. Ban san lokacin da na afka ba. Abin da ba a koyarwa a aji shi ne simintin da ke ƙarƙashin ruwa gansakuka ce zalla, santsi kamar miyar kuɓewa. Taku na biyu ƙafafuna suka yi sama, na zauna daɓas, na zame a zaune har ruwa ya kai mini wuya. Sanyinsa kuwa, Inna lillahi! Kaftanin nan mai sitaci ya ƙi nutsewa, ya cika da iska ya taso ya kewaye ni kamar laima. Na yi ta dukan ruwa (iyo na bai wuce wanda na koya a wurin wankan yara na unguwa ba) har Allah ya sa yatsuna suka kama igiyar a tsakiya.

Na kama, amma ba ni da ƙasa. Gangaren ya ƙare, ƙafata ba ta taɓa komai, jirgin kuma ya fi ni ƙarfi, sai ja na yake yi a hankali. Na tattaro ragowar igiyar da ɗaya hannun, na tara duk ƙarfin da ya rage mini na wurga ta kan gada. Ta faɗi daidai kan takalmin Baba. Ya sunkuyar da kai ya dube ta. Ta fara zamewa kuma. Na ga bakinsa ya buɗe, na san abin da zai fito, zai sake cewa a riƙe. Ruwa ya shiga mini hanci. Sai na ji wata murya da ban taɓa sanin ina da ita ba, irin ta kwandastan mota a tasha, ta fito daga cikina.

“KAI! Taka igiyar! Taka mana, kai! Me kake kallo?”

Ya taka. Wallahi ko sojan da aka ba umarni bai kai shi sauri ba. Ya taka da ƙafa ɗaya, ya ƙara da ɗayar, ya sunkuya da babbar rigarsa ya damƙe ta da hannu biyu. Bature mai jan gemu ya rugo ya karɓa, ya naɗa a jikin turke, suka jawo jirgin, ni kuma ina maƙale a igiya aka jawo ni tare da shi kamar tarwaɗar da na yi wa Hauwa alkawari.

Turawan da ke layi suka ɗau tafi. Su a ganinsu an yi aikin haɗin kai. Mai jan gemu har yana dafa kafaɗar Baba yana ce masa kaka ya yi ƙoƙari. A duk filin nan mutum uku ne kawai suka san abin da ya faru: ni, da Baba, da Hauwa, wadda ta dawo daidai lokacin, ta tsaya a bakin gangare da ’yar takardar ajiye mota a hannu, ɗaya hannun a kan baki.

Na rarrafo na fito, ruwa na zuba daga aljihuna, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na je gaban Baba na zube.

“Baba, a gafarce ni. Ruwa ne ya...”

“Tashi, Injiniya, za ka yi mura.” Muryarsa lafiya lau, amma bai dube ni ba, tafin hannunsa yake kallo inda igiya ta yi masa ja. “Yau dai na ga jirgi.”

Ba a fita yawon ruwa ba ranar. Na mayar da jirgin kan tirela ina rawar sanyi, wannan karon Hauwa ce riƙe da igiya. A hanyar gida Baba na gaba, ni ina tuƙi a kan jakar leda don kada in jiƙa kujera. Wajen fitilar kan hanya Hauwa ta sunkuyo daga baya ta raɗa mini, “Me kake kallo? Har da me kake kallo?” Na ji kafaɗunta na rawa. Dariya take, a ranar da na fi kowace rana baƙin ciki.

Ni kuwa a zuciyata tafasa nake. Wa ya karɓi igiyar da ba a ba shi ba? Wa ya ajiye ta yana ɗaukar bidiyo? Na yi ladabi har sau uku, a durƙushe, a kan ruwa, jirgina na tafiya. Shekara da shekaru ina kallon yatsun ƙafata a gaban bawan Allahn nan, duk sun tashi a banza saboda kalma ɗaya da na faɗa ina shan ruwan Potomac. Kuma ashe wayar ba ta daina ɗauka ba. Hoton ba ya nuna komai sai sararin sama da gefen babbar riga, amma muryar ta fito tar. Baba bai san yadda ake yanke bidiyo ba, haka ya tura shi gida ɗungurungum. Kafin mu iso Woodbridge ƙannen Hauwa sun mayar da ni abin da wayarsu ke yi in an kira.

Bayan la’asar Baba ya aiko Hauwa ta kira ni falo. Na zauna a inda na saba, kan kafet. Na san hukunci ne, kuma na san na faɗi. Ya yi gyaran murya.

“Hauwa’u ta ce maganar jirgin nan tana hannuna.”

“Haka ne, Baba.”

“To, abin nan akwai haɗari. A sayar da shi.”

Na tuna wahalar da na sha. Duk sanyin da na kwashe ina bincike, da bokitan da na fasa, da motata da na bayar. Na ce, “To, Baba.”

Hauwa, da yake ita ’yar ubanta ce kuma tana son komai a fili, ta ce, “Baba, shi zai sa a kasuwa, ko Alhaji Mumuni za a ba?”

Baba ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa. A karon farko tun da na auri ’yarsa na ɗaga ido na dube shi, sai na tarar shi ma ni yake kallo ta saman tabarau.

“Ni dai na ce a sayar,” in ji shi. “Ban ambaci sunan kowa ba.”

Ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai neman wanda zai aika, bai ga kowa ba, ya ci gaba da shan shayinsa.

Jirgin na nan a ƙofar gida. Ni ma duk lokacin da Hauwa ta tayar da zancen ina ba da cikakken goyon baya, in ce ƙwarai, ya kamata a sayar. Kafin Baba ya koma sai da ya ci farfesun tarwaɗar da na kamo, ko da yake bai sake yarda ya matso kusa da ruwa ba, ni ma ban yi masa tayi ba. Sunan yaro mai kunya dai ya tafi, ba zai dawo ba. A dangin matata yanzu ko jariri aka haifa, kafin ya yi wayo an gaya masa ni ne mijin Anti Hauwa da ya ce wa Baba kai, kuma har gobe ba a samu mai gaskiya ɗaya da zai tambayi wa ya ajiye igiyar ba.

Mutanenmu da ke nan sukan kira ni neman shawara in za su sayi jirgi. Ina gaya musu maganar ƙirji, da inji, da nauyin da mota za ta iya ja. Amma kafin mu yi sallama sai na tambaye su wa zai riƙe musu igiya, in ce su tabbata mutumin da za su iya daka wa tsawa ne.